Ranar Da Aka Feɗe Injiniya

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai aski da na tela, akwai wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya inda wani mutum yake gyaran rediyo da fanka da dutsen guga. Injiniya ake ce masa. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta masa a allo da jan fenti, mutane kuma suka ga ba zai rage su da komai ba suka bi. In ka kai masa fanka mai juyi ɗaya za ka karɓo ta tana juyi uku, sai dai ba lallai ta tsaya in ka kashe ba. Shi da bakinsa yakan ce hannunsa akwai albarka, matsalar kawai albarkar ba ta san inda ake tsayawa ba.

Mutanen layin suna da wata rawa ta ban dariya da suka gada daga iyayensu, rawar maharba. Tsarinta ba wuya. Babban maharbi zai fito cikin rigar tsummoki, da layun kwali rataye a wuya, da bindigar katako, yana sanɗa yana cika baki. A bayansa ƙananan maharba biyu suna kwaikwayonsa suna cin karo da juna. Sai ɓauna ta fito, wato mutum biyu a cikin buhunan da aka haɗa aka ɗinke, ɗaya kai ɗaya gindi. Maharbi ya harba, ɓauna ta faɗi, ya ɗora mata ƙafa yana kirari, ita kuwa ta miƙe ta fafare shi. Shi ke nan, amma duk lokacin da aka yi sai an riƙe ciki.

Shekara goma sha ɗaya Injiniya yana gindin ɓauna. Shekara goma sha ɗaya yana sunkuye, rungume da ƙugun mai aski, yana kaɗa jelar igiya, bai taɓa ganin fuskar 'yan kallo ba, su ma ba su taɓa ganin tasa ba. In an tashi ya tambayi matarsa yadda ya yi, sai ta ce ai ƙafafun baya sun yi ƙoƙari.

Ana nan aka gama ginin sabon ɗakin taro na unguwa. Kwamitin ginin ya ce ranar buɗewa ƙungiyoyi za su yi wasa, wadda ta fi burgewa za a ba ta ƙaramin ɗakin da ke baya ta riƙa ajiye kaya tana gwaji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga 'yan rawar maharba, don kayansu a saman silin ɗin tela suke kwana, ɓeraye sun riga sun cinye kunnen ɓauna guda. Sai kuma Baba, tsohon da yake shugabantarsu kuma yake fitowa a babban maharbi tun kafin a haifi rabinsu, ya tara su a shagon mai aski ya ce gwiwarsa ta ƙi, a bana sai dai wani ya karɓa.

Bai rufe baki ba Injiniya ya miƙe. Ya ce dama ya daɗe yana kallon yadda ake wulaƙanta harbi a layin nan yana haɗiyewa, alhali shi jinin maharba ne, kakansa ya taɓa shaƙe damisa da hannu ɗaya.

Mai aski bai ɗago daga kan da yake yi wa aski ba ya ce, "Na san kakanka. Kananzir yake sayarwa."

"Da rana ke nan," in ji Injiniya.

"Talotalo ya taɓa korarsa har cikin kwata."

"Dabara ce. Jawo shi yake yi zuwa tarko."

Aka yi dariya, amma da Baba ya duba fuskoki ya ga ba wanda yake son gudu a gaban jama'a da tsakar rana, sai ya ce to, a ba shi. Ya dai ja masa kunne cewa maharbin rawar nan wawa ne, wautarsa ake zuwa kallo, ba jarumtarsa ba. Injiniya ya ce ai nan ne kuskuren ya faro, shi zai gyara. Gindin ɓauna kuwa aka ba ƙanin matarsa, wani ƙaton direban tasi da yake jin haushinsa tun ranar da ya gyara masa rediyon mota, aka wayi gari duk sa'ad da ya taka birki labarai suke kamawa.

Tela ya hau kujera ya sauko da rigar tsummoki daga silin. Injiniya ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, ya ce wannan ai tsumman goge inji ne. Maharbi fata yake sawa, fata ta gaske, mai gashi. Tela ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya mai da rigar inda take.

Washegari ya tafi wurin mahauci ya zaɓi fatar wani baƙin bijimi da aka yanka da safen, har da jelarta, ya haɗa da ƙahonin. Mahaucin ya ce ya kai wa majemi, nan da mako uku zai samu abin sawa. Injiniya ya ce kwana biyar gare shi, kuma jima ba komai ba ce illa gishiri da iska, su majema jan lokaci kawai suke yi don a ce sun iya. Mahaucin ya dube shi, ya dubi fatar, ya naɗe masa ita.

Ya shanya ta a tsakar gida a kan igiyar wanki, ya barbaɗe ta da gishirin girkin matarsa, ya kwaso fankokin mutane shida da ke jiran gyara ya jera su kewaye da ita. Fankokin suka yi aikinsu tsakani da Allah, suka kwashi warin suka raba wa layin gida gida. Kafin azahar maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya, ko wani abu ne ya mutu. Matar Injiniya ta ce ba abin da ya mutu tukuna. Mai aski ya aiko cewa mutum biyu sun tashi da rabin aski. A rana ta biyu ƙudajen unguwa suka yi ƙaura zuwa gidan da iyalansu.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ko dai fatar nan ta fita ko ni na fita."

Ya ce ta yi haƙuri, warin nan shi ne alamar aiki yana ci. Ta tafi gidan yayarta ta wuni.

A rana ta huɗu fatar ta bushe. Ta bushe ƙwarai, ta zama kamar ƙyauren ƙofa, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar za a ce shigo. Wani mai hankali da nan zai tsaya. Injiniya kuwa ya ɗauko babban bahon wankin matarsa ya cika da ruwa ya danna fatar ciki, ya ɗora bulo biyu. Da ta yi laushi kamar tsumma sai ya tafa hannu ya ce ya gano abin da ya gagari majema tun zamanin kakanni: a jiƙe ake sa ta, ta bi jikin mutum ta zauna daidai. Yanzu in yana ba da labarin yakan ce a nan kam bai yi ƙarya ba, ta bi jiki.

Ya kai wa tela ya ɗinka. Allura ta farko ta karye, ta biyu ta karye, ta uku ta yi tsalle ta wuce ta gefen kunnen tela. Tela ya tashi ya buɗe masa ƙofa da ladabi. Injiniya ya dawo shago ya yanka fatar da kansa, ya fitar da hannuwa da wuya, ya huhhuda ta da ƙusa mai zafi, ya haɗa gaɓoɓin da wayar lantarki. Riga ta fito tun daga wuya har gwiwa, ana ɗaure ta ta baya, jela tana lilo. Ƙahonin ya kafa su a jikin hular kwano, ya sa wa kowanne ƙwan tocila a tsini, waya ta bi ta ƙeya zuwa batir a aljihun gajeren wandonsa. Bindigar katako ma ya ce ta yara ce. Ya haɗa tasa da bututun ruwa da sifirin na tsohuwar lema, ya ɗura mata garin alli, don in ya harba a ga hayaƙi. A wurin gwaji bai nuna wa kowa ba, da singileti yake zuwa, yana cewa su jira ranar, za su san suna zaune da mutum.

Ranar ta zo. An ce ƙarfe goma za su fito. Tun ƙarfe tara ya tsamo rigar daga baho tana ɗigar ruwa ya zura, ya miƙa wa matarsa filaya ya ce ta murɗe wayoyin baya tam. Ta toshe hanci da gyale tana murɗawa, ta tambaye shi ta ina zai fita in an gama. Ya ce injiniya ba ya shiga abu sai ya san ƙofar fita. Ta ce to, ta ƙara murɗa ɗaya.

Gaskiya da ya fito layi ya yi kwarjini. Baƙin gashi yana sheƙi, ƙahoni suna walƙiya, mutane suna darewa suna ba shi hanya. Shi ya ɗauka girmamawa ce. A kwanar tasha wani jan kare mai yankakken kunne ya taso daga ƙarƙashin mota, ya shinshina iska, ya biyo shi a natse kamar wanda aka aiko.

An kafa rumfuna a harabar ɗakin taron, manyan baƙi a inuwa, masu wasa kuma aka ce su jira a bayan rumfa, a fili. Baba ya kewaya Injiniya sau ɗaya yana dogara sanda, ya tambaye shi ko zai iya gudu a cikin wannan abu. Ya ce har tsalle. Mai aski daga cikin kan ɓauna ya ce shi dai roƙonsa ɗaya, a tsayar da maharbi ta inda iska ba ta busowa.

Ƙarfe goma aka fara jawabi. Shugaban kwamiti ya gode wa duk wanda ya kawo bulo, da suna. Ma'aji ya tashi ya gode wa shugaba. Wani baƙo ya ce ba zai tsawaita ba, ya yi minti arba'in. Rana ta take tsaka, ta sami jiƙaƙƙiyar fata a fili ta kama aikinta.

Da farko Injiniya ya ji ƙirjinsa ya cika, ya ce a ransa jinin kaka ne yake tasowa. Can sai ya ji kafaɗunsa suna ja baya ba da izininsa ba. Hannuwansa suka fara ɗagawa a hankali daga jikinsa, har suka miƙe gefe da gefe kamar fukafukan jirgi. Ya gwada sauke su, suka ƙi. Ya gwada sosa hanci, tafiyar ta yi nisa. Ƙuda ya sauka a kan leɓensa ya zauna da kwanciyar hankalin wanda ya san ba abin da za a yi masa. Ɗaya daga cikin ƙananan maharban ya tambaya ko lafiya ya shanya hannu haka. Ya ce tsayuwar maharban da ce, haka suke sauraron daji. Jan karen yana zaune nesa kaɗan, yanzu su uku ne.

Sai ƙarfe ɗaya da rabi aka kira su. Makaɗa suka saki ganga. Babban maharbi ya kamata ya shigo a duƙe yana sanɗa, amma rigar ta riƙe cinyoyin Injiniya ta haɗe, ƙugunsa ba ya lanƙwasuwa. Ya shigo a miƙe ƙyam, ta gefe, yana ɗan tsalle da ƙafa biyu a haɗe, hannuwa a baje, ƙahoni suna kunnawa suna kashewa. Ƙananan maharban, da yake aikinsu kwaikwayo ne, suka baje nasu hannuwan suka biyo shi da tsalle. Rumfa ta ɗauki dariya.

Ya tsaya a tsakiya zai yi kirarin da ya kwana biyar yana haddacewa, na jikan mai shaƙe damisa. Ya ja numfashi, rigar ta ce iyakarka ke nan. Muryar da ta fito siririya ce kamar ta ɗan tsako da aka taka. Ya sake gwadawa, ta ƙara sirancewa. Wata tsohuwa a layin gaba ta zame daga kujera tana share hawaye.

Ɓauna ta fito tana huci. Lokacin harbi ya yi, bindiga kuwa tana rataye a bayansa inda hannu ba zai kai ba. Ƙaramin maharbi ya ciro ta ya cusa masa a tafin hannu, bai san gaba da bayan bututu ba, don ba wanda aka taɓa nuna wa. Injiniya ya so ya ce a juya ta, ba murya. Ganga ta kai inda ake harbi, Baba yana ɗaga masa sanda daga gefe, yatsansa kuma yana kan kunamar bindiga. Ya danna. Sifirin lema ya yi aikinsa fiye da yadda aka roƙe shi, garin alli ya tashi gaba ɗaya ya sauka a fuskar maharbi. Hayaƙi kam an gani.

Ɓauna ta tsaya cak. Aka jiyo kai yana tambayar gindi ko su faɗi, gindi yana cewa ai ba su aka harba ba. Kai ya ce tsari tsari ne. Suka faɗi.

Saura ɗora ƙafa. Injiniya, fari fat, ido biyu kawai ake gani, ya yi tsalle ya matso, ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafar dama. Ta ɗagu kamar taƙi ɗaya. Sauran jikin ya tafi baya gaba ɗaya kamar an sare itace, ya faɗi rigingine, ƙahoni suka kafe a ƙasa, ƙafafu suna motsi a sama irin na kyankyaso da ya kife. Batirin aljihu ya fara zafi a kan cinyarsa.

Abin da jan karen yake jira ke nan. Ya shigo fili da abokansa biyu, ya kama jelar bijimi ya ja. Sauran suka kama gefen riga. Suka fara jan babban maharbi a ƙasa, a hankali, zuwa ƙofar fita. Makaɗan suka ɗauka cikin shiri ne suka ƙara wuta. Ɓauna ta miƙe za ta kori maharbi kamar yadda aka saba, ta tarar wasu sun riga ta. Mai aski ya yi hagu zai kori kare, direba ya yi dama, ɗinkin buhu ya ɓarke, ɓauna ta rabu biyu, kai yana bin kare ɗaya, gindi yana bin wani da jelar igiya a hannu. Shugaban kwamiti ya kifa kai a kan tebur yana bubbuga shi.

Matar Injiniya ce kaɗai ba ta dariya. Ta san mijinta, ta san ko a barci ba ya yin shiru haka. Ta ratsa fili da gudu ta durƙusa, ta ga leɓensa a ƙarƙashin alli ya canza launi, numfashi yana fita guntu guntu. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ganga, ta ce mutumin nan ba ya numfashi, a kawo abin yanka.

Nan dariya ta ɗauke. Aka kifa shi. Ƙaninta ya kawo filaya daga mota, amma wayoyin sun nutse cikin fatar ba wurin kamawa. Tela ya sa almakashi, almakashin ya buɗe baki ya ƙi rufewa. Mai aski ya gwada aska, ta zame ta aske gashin bijimi kawai. Baba ya juya ya dubi jama'a ya tambaya ko mahauci yana nan.

Yana nan, a layi na uku. Ya taso ba gaggawa, ya naɗe hannun riga, ya zaro wuƙa daga kube ya wasa ta sau biyu a bakin dakali. Ya sa mutum huɗu suka riƙe hannuwa da ƙafafu kamar yadda ake yi a wurin aikinsa, ya nemi bakin wuya, ya zura tsinin wuƙa ya fara tsagawa ƙasa, yana ɓamɓare fata da babban yatsa. Mutum wajen ɗari uku suka yi tsit suna kallon ana feɗe maharbi. Da wuƙa ta kai tsakiyar baya rigar ta yi ƙara ta buɗe, Injiniya ya ja wani dogon numfashi da aka ji har rumfar baya. Da numfashin murya ta dawo, kuma abin da ta fara yi shi ne ba da umarni: a bi ta gefen waya, a kula da batir, a karkata wuƙar kaɗan.

Mahaucin ya ce, "Shekara talatin ina fiɗa, ban taɓa samun wadda take koya mini ba."

Ya ci gaba. Can wajen ƙugu Injiniya ya zabura ya ce, "A hankali, malam, wannan tawa ce."

Dariyar da aka riƙe ta ɓalle gaba ɗaya, har da matarsa, tana yi tana share ido da gefen gyale. Aka zare shi daga ciki kamar an ɓare gyaɗa, daga shi sai singileti da gajeren wando mai hayaƙi a aljihu. Rigar kuwa da aka jingine ta sai ta tsaya da kanta, hannuwa a baje, kamar tana jiran a tafa mata. Aka tafa mata.

Kwamiti bai ko shiga shawara ba, aka miƙa wa Baba makullin ɗakin baya. Shugaban ya ce shi dai bai taɓa ganin wasan da aka tsara da kyau haka ba, musamman karnukan, ya tambaya wa ya horar da su. Baba ya ce sirrin ƙungiya ne. Injiniya yana zaune a ƙasa, an yafa masa rabin buhun ɓauna, ya buɗe baki zai ce dama haka ya shirya. Matarsa ta dube shi. Ya rufe.

Kwana uku yana kwance rub da ciki ana shafa masa mai, sawun waya a bayansa layi layi kamar takardar makaranta. A rana ta huɗu ya fita buɗe shago, ya tarar da jan karen kwance a bakin ƙofa. Ya kore shi, ya dawo. Ya watsa masa ruwa, ya girgije ya gyara kwanciya. Har yau yana nan, duk inda Injiniya ya sa ƙafa yana biye da shi, yana kallonsa da ido irin na wanda bai fid da rai ba. In baƙo ya kawo gyara ya yaba karen, ya tambaya a ina ya samo shi, mai aski yakan leƙo ya ce a farauta. Injiniya ba ya musu. Yakan ci gaba da kwance fankarsa ya ce, "Gaskiya ne, a farauta muka haɗu. Shi ya kamo ni."